Murya Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ku yi haƙuri da ni yau. Kuma tun kafin wata ta riga ni faɗa, na sani, na yi abin da bai kamata ba. Ku dai bari in kai ƙarshe sannan ku yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara bina: shekarata ashirin da bakwai, ni kaɗai ce mace a wurin Umma da Baba, kuma ina aiki a wata cibiya da mutane ke zuwa in damuwa ta yi musu yawa. Hawa na biyu ne, saman wani kantin magani, ɗaki uku da baranda. Ni ba likita ba ce, buga takardu nake yi. Teburina yana bayan ƙofa, kusa da wani firij mai gurnani kamar tsohon kare. Mutum biyu nake wa aiki. Akwai Dakta, dattijo mai farin gemu da tabarau a kan hanci, wanda in ka ce masa kanka na ciwo sai ya tambaye ka wa ya fi ji da kai kana yaro, uwa ko uba. Sai Anti Toh. Mu muka sa mata sunan, don mutum zai yi awa guda yana zuba, ita ba abin da take cewa sai "toh", amma ya fito yana share hawaye yana cewa ta warware masa matsala.

Duk ranar Alhamis Dakta yana ganin mutane a wani asibiti can ɗaya gefen gari. Waɗanda suka yarda yana naɗar hirarsu saboda littafin da yake rubutawa, ya kawo min a filash ranar Juma'a, in sa iyafis a kunne in mayar da magana rubutu. Babu suna, sai lamba. Ranar da na kama aikin sai da na sa hannu a takarda: abin da kunnena ya ji a teburin nan zai mutu, in kuma na gane muryar wani in tsaya nan take in faɗa.

To, sai Safiyo.

Haka kowa ke kiransa a gidanmu, don awon filaye ne aikinsa, kuma awon ne ya kawo shi. Wata takwas da suka wuce Baba ya kira shi ya fitar mana da iyakar gidanmu da ta maƙwabci. Da ya gama ya nemi lambar Baba, Baba ya ce in rubuta masa. Ni bahaguwa ce, da hagu nake rubutu. Na rubuta na miƙa masa takardar, bai karɓa ba. Hannuna yake kallo, har sai da Baba ya yi gyaran murya.

Bayan sati ya dawo, ba tare da kayan awo ba.

Dogo ne, mai sanyin magana, shekararsa talatin da biyu, rigarsa kullum a goge kamar yanzu aka ciro ta daga leda. Ya ce mana mahaifiyarsa ta rasu yana shekara bakwai, mahaifinsa ne ya raine shi. Tun daga ranar Umma ta mayar da shi ɗa.

"Uku kin kora," in ji ta, tana nuna min yatsu. "Uku! Wannan maraya ne, in kin wulaƙanta shi ni da ke ne."

Goggo, ƙanwar Baba, ta ce, "Ki bar ta ta kore shi, Yaya. Ni ma ai ban tsufa ba."

Ban yi niyyar korarsa ba. Ina sonsa, kada ku ce ban faɗa ba. Ban taɓa zama da mutumin da in ina magana yake ajiye waya ya juya fuskarta ƙasa ba sai shi. Amma akwai ƙananan abubuwa. Mayafi biyar ya kawo min, duk ruwan toka. Ya kawo wani turare a ƙaramar kwalba marar suna, mai ƙamshin ɓawon lemo da tsohuwar akwati. Saƙonninsa kusan iri ɗaya ne:

"Ki sa mai ruwan tokar nan gobe, yana yi miki kyau."

"Kin isa ofis?"

"Kin isa gida?"

"Kina nan?"

Kuma duk lokacin da na rako shi ƙofar gida na juya zan koma ciki, in na waiwaya sai in gan shi tsaye jikin motarsa, ido a rufe, leɓɓansa na motsi. Na faɗa wa Umma, ta ce, "Addu'a yake yi miki, 'yar baƙin ciki. Ina kika ga irinsa a zamanin nan?"

Aka tsayar da magana manyansa za su zo gidanmu ranar Asabar. Saura kwana takwas, ranar Juma'a da hantsi, Dakta ya ajiye min filash.

"Akwai sabon mutum, lamba goma sha huɗu. Zama uku ne na tara. Ki fara da shi."

Na zuba shayi, na sa iyafis, na danna. Aka ji jan kujera, aka ji fanka. Dakta ya ce, "Me ya kawo ka?" Sai wata murya ta ce, a hankali, daidai cikin kunnena:

"Zan yi aure, Dakta. Ina tsoron ba ita nake gani ba."

Shayin ya zube min a cinya ban ji zafinsa ba.

Nan ne ya kamata in cire iyafis in ƙwanƙwasa ƙofar Dakta. Taku shida ne tsakanina da ƙofar. Ban tashi ba. Yatsuna suka ci gaba da bugawa da kansu, kamar ba nawa ba.

Mahaifiyarsa ba ta rasu ba. Ya ce wata rana da safe, yana shekara bakwai, ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta sa mayafinta mai ruwan toka, ta fesa turarenta. Ta tsayar da shi a tsakar gida ta ce za su yi wasan ɓuya, ya rufe ido ya ƙirga ɗari, kada ya yi ha'inci. Bai yi ha'inci ba. Da ya buɗe ido ya duba bayan ƙofa, ya duba ƙarƙashin gado, ya duba banɗaki. Har azahar yana nema yana dariya. Da mahaifinsa ya dawo ya karanta wata takarda da ta bari a kan tebur, sai ya yaga ta, ya ce daga yau duk wanda ya tambaya a ce ta mutu.

"Rubutunta a karkace yake," in ji muryar. "Bahaguwa ce."

Na kalli hannuna na hagu a kan madannai kamar yau na fara ganinsa.

Dakta ya ce, "Ita yarinyar fa?"

"Ranar da na fara ganinta tana rubutu, na kasa ɗauke idona daga hannunta. Ina saya mata abin da na tuna. In ta sa, sai in ji numfashina ya daidaita. In za mu rabu sai in rufe ido in ƙirga ɗari. In na buɗe na ga fitilar ɗakinta ko na ji muryarta a cikin gida, to ranar na ci abinci."

Ba addu'a ba ce, Umma. Ƙirga yake yi.

Na gama zama ukun tas kafin a tashi. Ranar mayafin da ke kaina nasa ne. Na shiga banɗaki na cire shi, na tsaya ina kallon madubi, ina jin ƙamshin matar da ban taɓa gani ba yana tashi daga wuyana. Na wanke da sabulu har fatar ta yi ja.

Asabar da Lahadi na ce zazzaɓi nake yi. Umma tana ta canza labulen falo, tana sa Baba ya gyara fankar da ke ƙara, Goggo tana auna min sabuwar riga a jiki tana cewa na rame, so ne. Shi kuma saƙo yana ta shigowa. "Yaya jikin?" "Kina nan?" Ina amsa masa da kalma ɗaya.

Ranar Litinin da rana na tarar da Dakta da Anti Toh a baranda suna shan shayi. Na tsaya ina murza yatsu na ce ina da tambaya, a kan wata ƙawata.

"Duk tambayar duniya a kan ƙawa ce," in ji Dakta. "Zauna."

Na ce saurayinta ne ya rasa mahaifiya yana ƙarami, sai ta lura yana so ta riƙa yin shiga irin ta uwar. Ban ƙara komai ba. Dakta ya leƙo ni ta saman tabarau, sai ya ce:

"Abin da ya yi wa yaro zafi fiye da ƙarfinsa ba ya ɓacewa, yarinya. Zuciya tura shi take yi inda ba a gani, mutum ya girma yana zaton ya manta. Sai ki ga babba da gemu yana zaɓen mata, yana zaɓen aiki, yana fushi, yana ganin shi ke zaɓa, alhali yaron nan ne riƙe da sitiyari. Sake shirya abin da ya faru yake yi, ko wannan karon zai ƙare daban. In ba a tono an nuna masa ba, haka zai yi ta yi har ya tsufa."

"Ke nan ba ita yake so ba?"

"Ban ce ba. Na ce su biyu ne a idonsa."

Anti Toh ta ajiye kofi. Abin mamaki, ba "toh" ta ce ba.

"Ni ban ce ƙarya yake faɗa ba. Amma shekara goma muna wannan gardamar. Mutum ba abin da aka yi masa ba ne kawai, akwai abin da yake ƙoƙarin zama. In ya sami mutum ɗaya da zai karɓe shi yadda yake, ba sai ya yi kaza da kaza ba, za ki ga ya miƙe da kansa. Dakta yana tambayar me ya faru da kai. Ni ina tambayar ina kake son zuwa."

"Shi ya sa littafina ya fi naki kauri," in ji Dakta.

"Shi ya sa ba mai karanta shi." Ta juyo gare ni. "Kin faɗi abin da saurayin yake so. Na tabbata in na tambaye ki abin da uwarta take so za ki faɗa. Ita ƙawar taki, me take so?"

Na sunkuyar da kai, na ci gaba da murza yatsu.

"Toh," in ji Anti Toh.

A mota ina komawa gida tambayar ta hana ni sakat. Sai na tuna ina shekara biyar, Umma tana ɗaure min hannun hagu a baya da ɗankwali, ta ba ni fensir a dama. In na yi da dama sai ta rungume ni, in na yi da hagu sai fuskarta ta rufe. Rubutun dai ya ƙi komawa, amma ni na koma. Na koyi duba fuskar mutum kafin in san me nake so. Ko samarin nan uku da ake cewa na kora, ba wanda na ce wa a'a. Shiru na yi ta yi musu har suka gaji. Wata takwas ina sa ruwan toka, alhali ni ja nake so.

Na sauka a kasuwa na sayi mayafi ja, mai kauri, har da ƙananan duwatsu a baki.

Talata bayan la'asar ya zo. Falonmu ya sha gyara, sabon labule ruwan madara, kujeru an cire musu leda, Umma ta jera kofunan da ba a taɓawa sai baƙo. Na shigo da tire, jan mayafina a kai, babu turarensa a jikina. Ya miƙe zai gaishe ni sai ya tsaya a rabi.

"Ina mai ruwan tokar?"

"Yana akwati. Wannan ni na saya. Bai yi kyau ba?"

"Ya yi." Ya koma ya zauna. "Ya yi kyau."

Bai sha shayin ba. Yana magana yana kallon gefen kaina, kamar mai neman wani a bayana. Ko minti ashirin bai yi ba ya ce zai tafi. Na rako shi ƙofa, muka yi sallama, na juya. Na yi taku biyar na waiwaya. Ya rufe ido.

Ban san me ya shiga kaina ba. Na zare takalmina na riƙe a hannu, na dawo a hankali na tsaya a gabansa, kusa har ina jin numfashinsa. Rana tana nan, yara suna wasan ƙwallo a ƙarshen layi, wani yana wanke mota. Shi kuma babban mutum da agogo a hannu yana raɗa:

"Tamanin da bakwai. Tamanin da takwas."

Tsigar jikina ta tashi. Ya kai ɗari, ya ɗan dakata kamar mai tsoro, ya buɗe ido.

"Kin dawo?"

Wallahi ba muryarsa ba ce. Siririya ce, ta yaro ƙarami, har da ɗan rawa a ƙarshe. Ya kama bakin mayafina da yatsu biyu ya riƙe gam. Idonsa yana kaina amma ya wuce ni.

"Ni ce," na ce. "Ni ce, ba ita ba. Ka dube ni da kyau."

Ya ƙifta ido. Na ga fuskarsa tana dawowa a hankali, kamar mai farkawa. Ya kalli jan mayafin da ke hannunsa, ya sake shi kamar ya taɓa wuta. Bai tambaye ni wace "ita" nake nufi ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri," da muryarsa ta kullum, ya shiga mota ya tafi.

Daga ranar babu saƙo. Laraba shiru, Alhamis shiru. Ni da nake jin haushin "kina nan?" sai ga ni ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Umma tana ta lissafin kujerun da za a aro, ni ina taya ta ƙirgawa.

Jiya Juma'a Dakta ya ajiye filash. Lamba goma sha huɗu, zama na huɗu. Na daɗe ina kallonsa kafin in sa iyafis.

Jan kujera. Fanka. Sai muryarsa ta ce, "Dakta, ka ba ni minti biyar ni kaɗai da na'urar nan." Aka ji ƙofa ta rufe. Sai ya matso, numfashinsa ya cika min kunne.

"Na san ke ce kike bugawa."

Na waiwaya bayana. Babu kowa, sai firij.

"Tun ranar farko na sani. Sunan ofishinku yana saman takardar da na sa wa hannu. Gaskiya ma don haka na zaɓi Dakta. Sau goma na zo gidanku da niyyar in faɗa miki, in na gan ki sai bakina ya mutu. Na san na jefa ki cikin abin da zai iya cin aikinki, wannan laifina ne, ni zan yi wa Dakta bayani." Ya ja numfashi. "Shekara ashirin da biyar ina ƙirgawa, ban taɓa buɗe ido na ga mutum a gabana ba sai ranar Talata. Da na koma gida na zauna na rubuta abin da nake so a tare da ke wanda ba nata ba ne. Ita ba ta da dariya. Ke in abu ya ba ki dariya har tari kike yi. Ita ba ta gardama. Ke kin taɓa yin awa guda kina musu da ni a kan hanyar da ta fi kusa da kasuwa, kuma ke ce da gaskiya. Na cika shafi biyu. Ban warke ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Zan ci gaba da zuwa nan. In ba ki so, ki turo min kalma ɗaya, ranar Asabar ba wanda zai zo, kuma ni zan ɗauki laifin a gaban Umma."

Na kifa kai a tebur na yi kuka mai isata. Da na ɗago na je na ƙwanƙwasa ƙofar Dakta na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce ya ji daga bakin Safiyo tun ranar Alhamis, yana jira ne ya ga ko zan zo da ƙafata. Ya karɓe filash ɗin, ya ce maganar aikina sai Litinin.

A matakala na tsaya na rubuta wa Safiyo: "Na ji. Ka zo gida ƙarfe biyar, da baki za ka faɗa min. Kuma ja zan sa."

Ko aljihu ban mayar da wayar ba Umma ta kira. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ki taho gida yanzu. Wata mata ce ta zo tun ɗazu, ta ce ita ce mahaifiyar Safiyo. Ba ya ce ta rasu ba? Ta ƙi ruwa, ta ƙi magana, wai sai kin zo."

Ban san yadda na isa ba. Tana zaune a bakin kujera, siririya, furfura ta leƙo ta goshinta, jakar tafiya a kan cinya ta rungume. Na nemi kamata a fuskarta ban samu ko kaɗan ba. Idanunsa ne kawai a wurin. Umma da Goggo suna tsaye jikin bango kamar an dasa su.

"Ke ce," in ji ta. Ba tambaya ba ce. "Akwai wata maƙwabciyar gidan mahaifinsa da take ba ni labarin ɗana duk shekarun nan. Ita ta ce min gobe ne. Zauna, 'yata. Na zo in faɗa miki abin da ya fitar da ni daga gidan nan na bar ɗana tsaye. In kin ji, sai ki san gidan da za ki shiga. Amma ki yi min alkawari ba za ki faɗa masa na zo ba."

A daidai lokacin aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Wayata ta yi ƙara a hannuna: "Na iso."

Matar ta miƙe zumbur, jakar ta faɗi. "Akwai ƙofar baya?"

Umma ta kalle ni, ta girgiza min kai, alamar in yi shiru in bar manya su yi. Na san wannan kallon tun ina shekara biyar.

"Akwai, Mama," na ce. "Amma ba ni za ki fara faɗa wa ba. Shi ne ya daɗe yana jira."

Na ɗauki makullin ƙofar baya daga kan talabijin na sa a jakata, na fita na buɗe masa ƙofa.